Sunan 'Yar Fari

Da safiyar ranar rufe sansanin hutu, kafin a buɗe wa iyaye ƙofar zaure, Hadiyya ta cire katin sunanta daga teburinta ta kai teburin Hephzibah, ta ɗauko na Hephzibah ta kafa a nata. Ko minti ɗaya abin bai ci ba.

Mako uku ke nan yaran Dutse suna taruwa a wata makaranta da ke Yalwawa, wasu suna koyon haɗa waya da batir, wasu kwamfuta, wasu zane. Hephzibah, 'yar maƙwabtansu mutanen Filato, ta zana duwatsun gari da itatuwan dabino a gindinsu. Hadiyya kuwa ƙaramin inji ta ɗaura a kan maburgi, ta jona shi da farantin sola a bakin taga. Rana tana dukan farantin, maburgi sai ya shiga kaɗa nono a ƙwarya shi kaɗai.

Ba kyauta ce ta dame ta ba. Ita 'yar fari ce, Dada mahaifiyarta kuma Bafulatana ce mai kunya irin ta da. Shekara goma sha huɗu ba ta taɓa kiran sunanta ba. "Ke" ce, ko "waccan". Yabo kuwa ba a ma maganarsa. Amma Hephzibah ta shigo gidan ko da tsinke a hannu, Dada za ta ce, "Yarinyar nan akwai basira." Sunan ma da yake karya harshen mutane, Dada ta iya shi tsaf. Hadiyya tana son ƙawarta, tana kuma kishinta har wuya. Shi ya sa ta yi wannan dabara: in Dada ta ɗauka injin na Hephzibah ne, za ta yabe shi, ita kuma ta ji da kunnenta ko sau ɗaya, ko da sunan wata ne a kai.

Aka jera yara a benci can gefe. Iyaye suka shiga zagaya tebura, tare da alƙalai, baƙi ne da ba su san fuskar kowa ba. Idon Hadiyya yana kan mayafin Dada.

Dada ta iso gaban injin ta tsaya. Ta daɗe. Ta miƙa yatsa ta taɓa bakin ƙwaryar, ta dubi nonon yana juyawa, sannan ta wuce ba ta ce uffan ba. Tana isa gaban zanen duwatsu baki ya buɗe.

"Maman Hephzibah, zo ki ga aikin 'yarki. Dutsen nan kamar mutum ya sa ƙafa ya hau."

Sai a lokacin Hadiyya ta tuna abin da ta sani tun tana ƙarama: Dada ajami take karantawa, boko bai sha mata kai ba. Kati a wurinta takarda ce kawai. Ba ta buƙatar rubutu kafin ta san aikin da za ta yi wa shiru.

Alƙalai kuwa boko suka karanta. Babbansu ya ɗauki lasifika ya nuna injin, ya ce, "Ta ɗaya a ƙere-ƙere, Hephzibah Dalyop."

Madam Patricia, mahaifiyar Hephzibah, ta taso a guje ta rungume 'yarta, tana kiran sunanta sau uku a jere. Hephzibah tana cewa, "Mama, ba nawa ba ne," tafi ya danne muryarta. Hadiyya ta ji kamar ta haɗiye barkono. Ga uwa, ga runguma, ga suna, yanzu har aikin nata ya bi su, kuma da hannunta ta kai.

Dada ta miƙe. Matar da ko a taron suna ba ta magana gaban maza ta tako har tsakiyar zauren.

"Malam, a yi haƙuri, an yi kuskure. Maburgin nan nawa ne, kwana goma ina nemansa. Aikin ba na Hephzibah ba ne."

"To, Hajiya, na wace ce?"

"Na waccan." Ta nuna benci da haɓa.

Alƙalin ya dubi bencin. 'Yan mata sun fi talatin. "Wacce daga ciki? Faɗi sunanta mu rubuta."

Wasu mata da suka gane suka rufe baki da mayafi. Madam Patricia ta buɗe baki za ta taimaka, Dada ta ɗaga mata hannu. Hadiyya ta riƙe gefen benci, tana kallon leɓen mahaifiyarta suna motsi ba sauti.

Dada ta sunkuyar da kai. "Mai koren ɗankwali," ta ce a hankali. "Tawa ce."

Alƙalin ya ci gaba da jira, biro a hannu, don shi har yanzu bai ji suna ba. Hadiyya ta miƙe ta faɗa masa da kanta. Kafin ya gama rubutawa Dada ta koma kujerarta, ta ba injin baya, tana tambayar Madam Patricia inda Hephzibah ta koyi zana dabino haka.