Idanun Farfesa

"Babu mai taɓa min ƙane da wuƙa!"

Yayan Farfesa ne ya faɗi haka, ya tokare ƙofar ɗakin da gawar take da hannu biyu. Ni kuwa ina tsaye da bokitin ruwan wanka, na rasa inda zan ajiye shi. Katanga ɗaya ce tsakanina da Farfesa, aikina kuma gyaran mota. Da hantsi matarsa ta buga min ƙofa ta ce ya cika.

A falo wata likita ce zaune a bakin kujera, da 'yar kula mai ƙanƙara a cinyarta. Tsohuwar ɗalibar Farfesa ce, a hannunsa ta yi digirinta na uku.

Farfesa ya ƙarar da ƙuruciyarsa a jami'a yana binciken wata cuta mai bin jini, wadda ke cin gani daga gefe har mutum ya koma kamar mai leƙe ta bututu. Babu wanda ya tsira daga gare shi a layinmu. Ka je aron tsani, sai ka tsinci haɓarka a kan na'ura, yana ce maka, "Kalli ɗigon nan, kar ka ƙifta." Har Kar-ka-ƙifta muke kiransa in ba ya nan. Sai da ya kwanta ciwon ajali na fahimci dalilin nacinsa: shi ma yana ɗauke da ita. Shekara da shekaru ɗalibansa na auna idanunsa. Abin da ya rage shi ne a buɗe idon a ga cikinsa, wannan kuwa sai bayan rai.

Likitar ta miƙe. "Baba, don Allah. In aka ƙara jimawa idon zai lalace, duk awon da muka yi ya tashi a banza."

"Ya tashi mana! Ke 'yar waye a gidan nan?"

Ta dubi agogon bango, ta dube ni. Mutane sun fara taruwa a waje, ana ta jan benci. Yaya ya juyo kaina.

"Kai Makanike, kullum kuna tare. Ka taɓa jin ya faɗi wannan magana da bakinsa?"

Wallahi na ji tsoro. Tsohon nan ko gaisuwa sai ka shirya kafin ka yi masa. Na ajiye bokitin, ruwa ya fantsalo min a ƙafa.

"Ya faɗa, Yaya. Cewa ya yi, 'Makanike, kai ma in inji ya buga ai buɗe shi kake yi. Kar ka bari a binne ni da amsar.'"

"Inji!" Yaya ya yi tsaki. "A bayana na goya yaron nan. Yanzu in miƙa shi da ramuka a fuska?"

"Ba za a gane ba, Baba," in ji likitar. "Na yi maka alkawari."

Bai ko kalle ta ba. Can matar Farfesa ta fito daga kicin, ta ja ƙofar a hankali, don Auta, 'yarsu, na ciki.

"Yaya," ta ce da ƙaramar murya, "Auta ta fara karo da gefen ƙofa."

"Me kika ce?"

"Tun bara. Ita tana zaton gaggawa ce. Babanta ya auna ta, ya sani. Don ita ya roƙa."

Yaya ya daɗe yana kallon ƙofar kicin. Hannunsa ɗaya ya sauka, sannan ɗayan. Ya matsa gefe kawai, likitar ta wuce da kularta.

Bayan ta tafi muka yi masa wanka, ni da Yaya. Na tausaya wa tsohon nan ƙwarai, don har muka gama bai yarda ya dubi fuskar ba. Sai da za mu rufe likkafani ya ce, "Dakata."

Ya sunkuya. Idanun a rufe suke lif, babu ko alama. Ruwan wanka ya ɗan taru a gefen na hagu. Yaya ya kama bakin rigarsa, ya goge shi a hankali.