Mai Ganga a Cikin 'Yan Kallo

A sanyin wannan shekarar manyan wasannin waƙa uku ne suka buɗe a Melbourne cikin wata guda, kuma duk wanda ya daɗe a sana'ar ya san garin ba zai iya riƙe uku ba. Biyu dai a lallaɓa. Ɗaya dole ya naɗe labulensa tun kafin sanyi ya wuce.

Noelene Tulloch tana cikin ɗaya, mijinta Warwick yana cikin wani. Ita mawaƙiya ce, ta daɗe da ba hamsin baya. A wasan da ake kira Masu Tsinkar Lemo ita ce tsohuwa mai gona a bakin kogin Murray, wadda 'ya'yanta suka matsa a sayar da gonar. Wasan gida ne, a nan aka rubuta shi, kayan dandamalinsa kuwa ba su wuce tsani da akwatuna da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ba. Shi Warwick makaɗin ganguna ne a Jirgin Sarauniya, wasan da aka kwaso sukutum daga ƙasar waje, da jirgin ruwa mai tashi a saman kawunan mutane, da hayaƙi, da ruwan sama na gaske da ke zuba a dandamali. Gidajen wasan biyu suna kallon juna, titi ne kawai da layin tarago, ɗan jirgin ƙasan cikin gari, a tsakaninsu. Na ukun yana can gaba kaɗan, da wani tauraron talabijin wanda muryarsa ba ta kai kyan fuskarsa ba.

Da farko abin raha ne a gida. Masu aikin wasa ba sa tashi da wuri, sai hantsi ya ɗaga suke karyawa, Warwick ya baza jarida kusa da butar shayi, ya tambayi Gimbiya, haka yake ce mata in yana neman tsokana, mutum nawa suka zo kallon tsani jiya. Ita kuma ta tambaye shi ko jirginsu ya sake maƙalewa a sama, ko an samu an sauko da sarauniyar kafin ta yi mura. Da yamma su shiga tarago ɗaya, su sauka a tasha ɗaya, ita ta yi dama shi ya yi hagu.

Abin ya fara yin tsami ne ranar da Dimity Petrakis, mai shirya wasansu Noelene, ta tura ta hira da wata 'yar jarida. Hira ta yi daɗi, an sha kofi, an yi dariya, can sai 'yar jaridar ta tambaye ta yadda take ganin maƙwabtansu na tsallaken titi. Noelene ba ta yi dogon tunani ba ta ce su mutane ne ke yin wasansu, can kuwa injuna ne, in aka ɗauke wuta su za su ci gaba da waƙa. Ranar Asabar maganar ta fito a jarida da manyan baƙaƙe. Dimity ta ji daɗinta har ta sa aka buga ta a ƙaton allo, aka kafa a saman ƙofa, daidai inda duk mai fitowa daga Jirgin Sarauniya sai ya gani.

Makaɗan can suka yanko maganar daga jarida suka liƙa wa Warwick a fatar babbar gangarsa. Washegari ya sha shayinsa bai baza jarida ba, bai ce Gimbiya ba. Da ta gaji da shirun ta ce masa ai ya san jirgin take nufi.

"Na sani," in ji shi. "Amma mu sha takwas ne a ramin nan ƙarƙashin dandamali, Noelene, kuma ba wanda ake jona wa wuta a cikinmu."

Ta ba shi haƙuri, ya ce ya wuce. Ta je ta roƙi Dimity a sauke allon, Dimity ta dafa kafaɗarta ta ce tun da aka kafa shi wayar sayar da tikiti ba ta huta ba, ta yi haƙuri ta saya wa maigidan wani abu mai daɗi. Allo dai ya zauna. Kullum suka sauka daga tarago Noelene sai ta kau da kai.

Sannu a hankali gari ya fara nuna zaɓinsa. 'Yan mata ba su fasa yin layi don tauraron talabijin ba. Masu Tsinkar Lemo kuwa baki ne ya yi musu talla: wadda ta gani ta gaya wa ƙanwarta, ƙanwar ta kawo matan cocinsu, har manyan motoci suka fara zuwa daga garuruwan karkara cike da tsofaffi masu ɗauke da goran shayi, waɗanda suka san abin da ake nufi da sayar da gona. A tsallaken titi kujerun sama suka fara zama wayam, kuma wasa mai ɗaga jirgi sama kullum ba ya jure kujeru wayam. Aka sanar za a rufe a koma Sydney. Za a tafi da jirgin da mawaƙan, makaɗa kuwa a can za a ɗauki wasu.

A wannan makon ne Dimity ta tara su a dandamali kafin wasa ta ce an ƙara musu wa'adi har Kirsimeti. Wuri ya kaure da tafi. Hemi, ƙaton saurayin da ke fitowa a matsayin ɗanta, ya sungume ta ya juya da ita yana cewa Mama ta ci gari. Ta yi murna, murna ta gaskiya, don shekarunta sun kai inda ba kullum ake rubuta wa mace waƙa irin wannan ba. Sai dai ta rasa da wace fuska za ta shiga gida.

Ashe labari ya riga ta. Ranar Litinin, ranar hutunsu, Warwick ya gasa cinyar rago da dankali, ya ɗaga kofi ya ce a gaishe ta, tsani ya ka da jirgi. Ya ce ba wannan ne karon farko da labule ya rufe a kansa ba, kuma gwiwarsa ta daɗe tana neman hutu. Ta duba fuskarsa da kyau ta ga ba ƙarya yake yi ba, ko da yake ba duka gaskiyar ce ba. Bayan an rufe wasan sai ya rasa abin yi da hannuwansa. Ya aske shingen gida har maƙwabci ya leƙo ya tambaya ko lafiya. In suna cin abinci yatsunsa na kiɗa a gefen tebur, ƙarfe shida na yi ya duba agogo, sannan ya tuna ba inda za shi.

Wata Laraba, ana shirin wasan rana, Hemi ya leƙa ta gefen labule ya dawo yana murmushi.

"Mama, ga tsohonki can a layi na bakwai, matan karkara sun sa shi a tsakiya. Har da taye ya ɗaura."

Shekara talatin da aurensu Warwick bai taɓa ganinta tana wasa ba. Sun sha yin aiki a wasa ɗaya, amma shi yana can ƙasa cikin ɗan akurkinsa na gilashi, muryarta a kunnensa, idonsa a kan hannun shugaban makaɗa. In kuwa wasanninsu sun bambanta, lokacinsu ɗaya ne. Ta tsaya a bayan motar kaya tana jiran shigarta kamar ranar da ta fara hawa dandamali.

Waƙar farko muryarta ta ɗan yi rawa, ita kaɗai da shugaban makaɗa suka sani. Ta riƙa jin layi na bakwai a gefen fuskarta kamar zafin murhu. Amma wasa yana da hanyarsa ta jan mutum. Da aka kai inda tsohuwar ke zagaya itatuwanta da asuba tana kiran kowane da sunan wanda ya dasa shi, Noelene ta manta da miji, ta manta da titi da abin da ke tsallakensa. Da ta sauke muryar ƙarshe tafi ya ɓarke a zauren.

Tsakanin wasan rana da na dare akwai sarari, ta fito ta ƙofar baya ta same shi tsaye da lema. Suka shiga ɗan shagon miyar taliya na 'yan Vietnam da ke lungu, inda ma'aikatan gidajen wasan duka suke cin abinci. Aka kawo musu kwanuka. Sannan ya fara da cewa makaɗin gangarsu yana gaggawa a waƙar kasuwa, a gaya masa ba kora ake yi ba. Ta ce za ta isar da saƙo. Ya ce tsanin ma ba laifi. Ta ce ta gode a madadin tsani.

Ya juya cokali a cikin miya, ya ce, "Na san duk inda kike jan numfashi. Ko a barci aka tashe ni zan faɗa. Amma ban san kina murmushi kafin ki hau babbar murya ba. Ba wanda ya taɓa gaya mini."

Ita ma ba ta san tana yi ba. Ta tambaye shi ko gaskiya ne abin da Hemi ya hango, wai wata tsohuwa ta miƙa masa hankici. Ya ce mura ce, zauren nasu akwai sanyi, ya kamata Dimity ta gyara tunda yanzu ta samu hali. Noelene ta yi dariya har ta ƙware, mai shagon ta kawo mata ruwa.

Suka ƙarasa miyar a hankali. Ya ba ta labarin wata makarantar sakandare a unguwarsu da ke neman mai koya wa yara kiɗa ranakun Talata, ya ce yana tunani, ko da yake yaran yanzu dukan ganga suke kamar ta yi musu laifi. Ta ce ya karɓa kafin shingen gidan ya ƙare. Ya ce zai je ya gani.

Da suka fito hadari ya haɗo ta yamma. Ya raka ta har ƙofar baya, ya gyara mata mayafin wuya don kada sanyi ya kama maƙogwaro, sannan ya ce bari ya yi sauri, ya bar shanya a waje. Ta tsaya ta ga ya tsallaka ya kama tarago da ƙyar, yana ɗingisa gwiwar nan tasa. Sannan ta shiga ciki, ta haɗa ruwan zafi da zuma, ta zauna gaban madubi ta fara ɗumama murya.