Rijiyar Gidan Baba Shekari

Hadassah Shekari ba ta tashi da niyyar binciken rijiyar gidansu ba. Abin da ta sa a gaba shi ne ruwan magudanar da ta ratsa bayan tsofaffin masaƙun Kakuri ta gangara kogi, wanda masu lambu ke janyowa su shayar da alayyaho da latas. Tana shekarar ƙarshe a sashen nazarin halittu na wata kwaleji, kuma aikin kammala karatunta ke nan: ta gano ko ruwan yana cutar da tsiro.

Malama Sadiya, wadda ke duba aikin, ta zaɓa mata hanya mai sauƙi. A cika kwalba da ruwa, a ɗora albasa a bakinta gindin yana taɓa ruwan, a jira saiwa ta fito, a auna ta da rula. In ruwan mai kyau ne, saiwa za ta sauko fara tas, doguwa kamar zare. In da guba a ciki, sai ta tsaya ko ta lanƙwashe. Amma ta ja mata kunne cewa tsawon saiwa shi kaɗai ba ya faɗin komai sai da abin kwatantawa. Dole a ware wasu kwalabe a zuba musu ruwan da aka tabbatar da lafiyarsa. Su ne ɗalibai ke kira kwantirol, kuma da su ake auna sauran.

A makon nan injin tace ruwa na ɗakin gwaji ya lalace. Hadassah ba ta damu ba, ta ciko jarkar ruwan kwantirol daga rijiyar gidansu da ke unguwar Nasarawa. Mahaifinta ne ya haƙa ta tun yana aiki a masaƙa, ruwanta garai-garai ga sanyi, kuma duk ranar da famfo ya ɗauke, rabin layin a nan suke ɗiba.

Kafin mako ya zagayo saiwoyi suka fito. Na ruwan magudana gajeru ne, kamar yadda ta zata. Da ta ɗaga albasar farko ta kwantirol kuwa, sai ta tsaya da ita a hannu. Saiwar ba ta kai rabin ta magudana ba. Bakinta ya yi ja-ja, ya murɗe sama kamar ƙugiya, sai ka ce gudun ruwan take yi. Ta ɗaga ta biyu, haka. Ta uku ma haka.

Ta ɗauka ita ce ta yi kuskure, kuma Malama Sadiya ba ta raba ta da wannan zaton ba. Ta zo ta duba teburin, ta shiga jero tambayoyi. A ina kwalaben kwantirol suka zauna? Bakin taga, inda rana ke dukansu, sauran kuwa suna inuwa. Albasar fa? Manyan ta ɗora wa ruwan magudana, ƙananan da suka rage ta ba kwantirol. Jarkar? Hadassah ba ta iya cewa ba a taɓa zuba kananzir a cikinta ba.

"Kin ga abubuwa huɗu ne suka bambanta, ba ɗaya ba," in ji Malama. "Rana, da albasa, da jarka, da ruwan. In na ce ki nuna min mai laifi a cikinsu, wa za ki nuna?"

Hadassah ta ji sanyi a ranta. Gara a ce ita ce ba ta iya aiki ba, da a ce rijiyar gidansu ce mai laifi.

Suka sake tsarin daga tushe. An gyara injin, saboda haka tataccen ruwa ya zama kwantirol, ruwan rijiya kuma ya koma cikin waɗanda ake tuhuma. Ta ɗebo shi a sabuwar kwalbar gilashi da ta wanke da kanta. Ta je kasuwar Kakuri ta tsaya kan mai albasa guda, ta tsince masu girma ɗaya daga buhu ɗaya. Kowane ruwa kwalba biyar, don kada lalatacciyar albasa guda ta yaudare ta. Wurin zaman kowace kwalba kuma ƙuri'a aka jefa, ba son rai ba.

Sharaɗi na ƙarshe shi ne ya fi ba ta haushi. Malama ta ce ba ita za ta zuba ruwan ba. Ƙawarta Ifunanya, 'yar ajinsu, ita za ta zuba, ta manna wa kwalaben lambobi, ta riƙe sirrin wace ce wace. Hadassah ta tambaya ko ba a yarda da ita ba ne. Malama ta ce ba maganar yarda ba ce. Wanda ya san ruwan gidansu ne a kwalba, idonsa zai ƙara wa saiwa tsawo ba tare da ya sani ba.

Kwanakin jiran sun yi mata nauyi. Damina ta kankama, rijiyar ta ciko har ana kai guga da gajeriyar igiya. Hadassah ta riƙa sayen fiya wata tana sha a ɓoye, tana jin kunyar kanta, tana kallon mahaifiyarta na dama kunu da ruwan randa. A lokacin ne ta soma lura da Lizzy, 'yar yayarta Celina, wadda ke zaune tare da su. Yarinyar ta daɗe tana kukan ciwon ciki, an ba ta maganin tsutsa har sau biyu. Da can ba ta zama wuri ɗaya. Yanzu sai ta jingina da bango, 'yar tsanarta a cinya, ba ta wasa da ita, in an kira ta sai an maimaita.

Ta kuma lura da wani abu da ta saba gani ba ta taɓa kawo shi a ranta ba. Bayan katangarsu akwai fili da aka kewaye da kwano, inda wasu mutane ke fasa tsofaffin baturan mota suna cire abin da ke ciki. Ruwan batir ɗin a ƙasa suke tuttulewa. Ko ciyawa ba ta fitowa a gindin katangar ta wannan ɓangaren.

Ranar awo, Ifunanya ta zauna a gefe ta naɗe hannu. Hadassah ta bi kwalaben ɗaya bayan ɗaya tana aunawa. Wasu saiwoyin sun sauka har tsakiyar kwalba, farare. Wasu tsaka-tsaki. Guda biyar kuwa, a warwatse cikin layin, ɗaya a bakin taga, ɗaya can ƙurya, sun murɗe sun yi ja.

Ifunanya ta karanto lambobin a hankali. Da ta gama ta ɗago ido ta ce, "Duka biyar ɗin na gidanku ne, Hadassah."

Malama Sadiya ta duba kwalaben. Ta ce albasa ba ta iya faɗin sunan abin da ke cikin ruwa; iyakarta ta ce akwai wani abu. Kada a kama sunan kowa tukuna, za ta aika da ruwan babban ɗakin gwaji a tantance. Sannan ta rage murya ta tambaya ko akwai yara a gidan. Da Hadassah ta ce akwai, sai ta ce ta bar komai ta hau keke napep ta tafi yanzu, kada a jira sakamako.

Mahaifinta, Baba Shekari, yana gyaran igiyar guga ta same shi. Ya saurare ta har ta gama, ya ce shi ba albasa ba ne, kuma ruwan nan ne ya raine ta har ta kai kwalejin da take taƙama da ita. Ba ta yi musu ba. Ta fito da albasa biyu daga jaka, mai dogon farin gemu da mai murɗaɗɗe, ta ajiye a kan murfin rijiyar. Ta ce buhu ɗaya suka fito, rana ɗaya aka ɗora su, ɗaki ɗaya suka zauna, ita kanta ba ta san wace ce wace ba lokacin da take aunawa.

"Baba, babu abin da ya raba su sai ruwan."

Tsohon ya juya murɗaɗɗiyar da ɗan yatsa. Ya waiwaya ya dubi Lizzy da ke jingine a bakin ƙofa. Ya shiga ɗaki ya fito da kwaɗo ya kulle murfin, mahaifiyar Hadassah kuma ta tuntsurar da randa a tsakar gida.

Sakamakon ya dawo da abin da Malama ta ƙi furtawa: gubar dalma, irin wadda ake cirewa daga batir, mai yawa. An gwada jinin Lizzy aka sami dalmar a ciki, aka ɗora ta kan magani, likita ya ce ciwon cikin zai tafi, amma sauran sai lokaci ya nuna. Da maganar ta bazu, matan layin suka riƙa kawo wa Hadassah ruwan rijiyoyinsu a goruna, ita da Ifunanya suna jerawa suna aunawa. Gidajen da ke gangaren filin kusan duk abu ɗaya ne. Mai unguwa ya kai ƙara, jami'ai suka zo da mota, amma suka tarar da filin wayam. An kwashe kwanon, an bar baƙar ƙasa da fasassun robobi.

Bayan ta kare aikinta a gaban malamai, wata Lahadi an taso daga coci, wata mata da ba ta sani ba ta tare ta a bakin hanya. Ta ce daga Narayi take, an yi mata kwatancen yarinyar da ke duba ruwa. Tana goye da jariri, ga gora cike da ruwa a hannu. Ta ce ba wani abu ba ne, ruwansu lafiya lau yake, ba wari ba launi. Sai dai kwanan nan wasu mutane sun kama fili a bayan gidansu sun kewaye shi da kwano, kuma kullum da safe ana jin ƙarar guduma.

Hadassah ta karɓi gorar. Ta tambaye ta da wane ruwa take dama wa jaririn koko.

Matar ta nuna gorar da haɓa.