Gaya Ce Ke Kira

Gwadabe mai gyaran rediyo bai taɓa yafe wa rafin da ke tsakanin Gaya da Ajingi ba. A daminar 1964 mahaifiyarsa ta rasu a Ajingi da hantsi. Rafi ya kawo, ɗan aike ya tsaya a gaɓa yana kallon ruwa, shi kuwa Gwadabe yana rumfarsa a kasuwar Gaya yana ta raha da masu kawo gyara. Sai washegari labari ya iso shi. Ya je ya tarar an rufe ta, masu zaman makoki har sun fara tambayar juna ina ɗanta ya shiga.

Tun daga ranar ya ɗauki aniya: sai ya haɗa wayar iska, akwatin da mutum zai yi magana a Gaya a ji shi a Ajingi, ba turke, ba igiyar waya, ba ruwan kowa da rafi. Kuma ba da ka yake yi ba. Ya yi shekara huɗu a Kano yana wa wani injiniya aiki, ya san hannunsa. Har kamfani ya tsara a ransa: akwati ɗaya a kowane gari, daga Balan har Gafasa, mai saƙo ya zo ya faɗa, a can a ji. Allon ma ya sa an rubuta, yana jingine a bayan ƙofa.

Wayyo, shekara goma sha biyu! Duk rediyon da ya mutu murus a ƙasar Gaya, kayan cikinsa a ɗakin Gwadabe suke ƙarewa. Yatsunsa duk tabon dalma. Ya kafa eriya a kan gora uku da ya ɗaure, iska ta kayar, ya sake kafawa. Kowane gwaji sai ya rubuta a littafi: tsawon waya, lokacin, ko da hadari ko babu. Littattafai goma sha ɗaya ya cika, kuma kowane shafi da kalma ɗaya yake ƙarewa: shiru.

Akwati na biyu yana Ajingi, a zauren Bubayero, wani dattijon Bafillace da ya bar kiwo ya zauna noma. Bubayero bai san komai game da rediyo ba, amma yana da abin da ya fi ilimi wuya, wato haƙuri. Kullum da hantsi sai ya haɗa batirin mota, ya danna inda aka nuna masa, ya ce, "Gaya, Gaya, Ajingi ce." Ya ɗan saurara, sannan ya kashe ya tafi gona. Mutanen gari kuwa me za su yi in ba dariya ba?

Matar Gwadabe, Hindatu, ba ta dariya. Takan ajiye masa tuwo ta ce, "Malam, ci tukuna. Ajingi ba za ta gudu ba."

Hukuma ba ta yarda kowa ya watsa magana a iska ba sai da takardar izini. Gwadabe ya rubuta wasiƙa Legas har ya gaji, ko amsar kunya bai samu ba. Daga ƙarshe tsohon maigidansa, injiniyan nan na Kano, ya ce masa, "Gwadabe, ranar da akwatinka ya yi magana, ka kira ni. Ni da kaina zan tsaya maka a ba ka takarda." Wannan alkawari shi ne abin da ya rage masa a duniya.

Wata Juma'a a farkon 1976, ya gama sabon naɗin waya, siririya kamar gashi, wadda ya yi wata biyu yana naɗawa a kan guntun kara. Ya saka, ya kunna, ya jira hantsi. Akwatin ya yi shuuu kamar kullum. Sai kuma, daga can ƙasan shuuun, murya ta taso.

"Gaya, Gaya, Ajingi ce."

Gwadabe ya zabura. Ya damƙi abin maganar. "Ajingi! Gaya ce ke kira! Kana ji na? Mu nan mun shirya, ku fa?"

"La ilaha illallahu! Malam Gwadabe, kai ne? Mu ma mun shirya! Mutanena duk suna nan, kai muke jira!"

Gwadabe ya fashe da kuka, ƙato da shi, gemu jiƙe. Ya rubuta a littafi na goma sha biyu, kalma bayan kalma, abin da aka faɗa. Ya fito da gudu ba takalmi don ya gaya wa duniya.

Ya tarar duniya ba ta da lokacinsa. A teburin mai shayi mutane sun yi cirko-cirko a kan rediyo, ana ta kiɗan soja. An yi yunƙurin juyin mulki a Legas tun da safe. Kuma abin da Gwadabe bai sani ba, akwatinsa ba Ajingi kaɗai ya kai ba. Wasu masu murɗa rediyo suna neman labari a gajeren zango sun ci karo da muryoyi biyu, da Hausa garau, ɗaya na cewa mun shirya, ɗaya na cewa mutanena suna nan. Kai, ƙaddara ba ta da kunya! Duk ranakun Allah, sai wannan.

Kwana uku ana kame a birane, ana raɗe-raɗin za a ɗaure mutane a jikin ganga a harbe. Ranar Litinin da safe wata mota ta tsaya a ƙofar gidan Gwadabe. Mai unguwa Inuwa ne ya shigo da baƙin: wani jami'in tsaro daga Kano, mai sanyin murya, da mutum biyu masu bindiga.

"An ji magana a iska daga wajen nan," in ji jami'in. "Kai kaɗai ke da eriya a garin. Muryoyi biyu ne. Ina son na biyun."

Gwadabe ya dubi akwatin. Shekara goma sha biyu yana jiran wani daga hukuma ya zo ya tambaye shi ko yana magana. Ga shi an zo. Amma in ya ce yana yi, kafin azahar motar nan tana Ajingi, kuma Bubayero, wanda ko sunan shugaban ƙasa sai ya yi tunani, zai kwana a inda ba a dawowa.

"Ranka ya daɗe, ba ya aiki," ya ce. Muryar kamar ba tasa ba. "Bai taɓa yi ba."

Mai unguwa ya cafe zancen da sauri. "Yallaɓai, wallahi kowa ya sani. Bawan Allah ne, taɓin iska ke damunsa. Tambayi duk garin nan." Maƙwabta da suka taru a ƙofa suka amsa baki ɗaya, wani har da rantsuwa. Don su cece shi suke yi, ya sani, kuma hakan bai rage zafin ba ko kaɗan.

"To, kunna mu ji," in ji jami'in.

Rana ta ɗaga. Hantsi ya yi. A daidai wannan lokaci Bubayero yana haɗa batirinsa. Gwadabe ya durƙusa, ya zura hannu bayan akwatin kamar mai gyara waya, ya lalubo naɗin nan, ya sa farce. Ko ƙara bai yi ba da ya tsinke.

Ya kunna. Shuuu. Suka zauna suna saurare har jami'in ya fara hamma. Ya sa aka rubuta takarda cewa akwatin tarkace ne, mai shi ba shi da cikakken hankali, kuma ya yi alkawarin ba zai ƙara kafa eriya ba. Za a kai kwafi ofishin da ke ba da izini. Gwadabe ya sa hannu.

Da motar ta tafi ya shiga cikin gida, ya ji ƙaurin takarda. Hindatu tana tsugune gaban murhu, idanunta jawur.

"Malam, ban iya karatu ba," ta ce. "Ban san wane littafi ne ka rubuta maganar a ciki ba. Sai na sa duka a wuta."

Bai yi mata faɗa ba. Ta yi daidai. Ya fita ya sauke gorar da hannunsa.

Ranar kasuwa Bubayero ya iso Gaya a kan jaki, da sabuwar hula, fuska kamar ranar salla. Ya tarar da Gwadabe a rumfa yana canza wa wata tsohuwa batiri, mutane cike da wurin, har da baƙin fuskoki biyu da suke zama a teburin mai shayi suna kasa kunne tun tafiyar jami'in.

"Malam Gwadabe! Kullum ina kira, ka yi shiru. Ko ka yi girma ne yanzu? Yaushe za mu kira injiniyan naka?"

"Baffa, akwatin ba ya aiki."

"Kamar yaya? Ni da na ji ka da kunnena! Kamar kana cikin zauren!"

"Ba ka ji ni ba."

Dattijon ya sauko daga kan jakin a hankali. Ya matso, ya rage murya, kamar mai roƙo. "Ɗana, shekara goma sha biyu ina kiranka. Sau ɗaya ka amsa. Kada ka ƙwace mini ita."

Gwadabe bai ɗago kai ba. Ya ɗaga murya yadda duk rumfar za ta ji.

"Tsufa ne, Baffa. Kunnenka ne ya yi maka gizo."