Bakin Tuluna

Tulu ɗaya nake bin jikana, kuma ba zan yafe ba. Uwata ce ta gina shi da hannunta, shi kaɗai ya rage min daga gare ta.

Jikan nan nawa ya gama digiri, muka ce Alhamdulillahi, za a fara cin moriya. Sai ya ce ya koma yin na biyu, wai karatun tonon kufai. Gardi da gemu, ya durƙusa a rami yana share ƙasa da buroshin goge haƙora, in ya tsinci tsingaro ya yi ta murna kamar an yi masa haihuwa.

Ranar ya shigo ɗakina yana lallaɓa ni.

"Uwargida ran gida, aron tulunki zan yi. Zan gwada shi da waɗanda muka tono, mu ga ko ƙasarsu ɗaya."

Na ce, "Miji ba cefane sai aro? Ɗauka. Amma kayan aro da ƙafarsa yake dawowa."

Kwana biyu ya zama wata da watanni. In na tambaya, sai ya ce yana wurin malaminsu. Na gaji da shan ruwan roba mai ɗumi, na yafa mayafina na tafi makarantar.

Ɗakin nasu teburori ne dogaye cike da tsingaro, kowanne da lambarsa kamar ɗan fursuna. Wata budurwa tana liƙa fasasshiyar tukunya da gam, ko numfashin kirki ba ta yi. Can a kan wata kanta na hango tuluna, an zana masa lamba a gindi. Na miƙa hannu, jikana ya taro ni.

"Kaka, sai da safar hannu ake taɓawa."

"Tulun da na yi wa ubanka wanka da ruwansa? Kauce, ɗan nema."

Na sauko da tulun, ina juya shi na ga giɓi a bakinsa, an yanke da zarto, fes, kamar an cire haƙori.

Malamin nasu ya taso, wani mai sanƙo da tabarau a goshi.

"Sannu da zuwa, Mama. Ɗan kaɗan muka yanka don mu duba ƙasar a na'ura. Kuma mun kula sosai, ba mu taɓa gefen mai kyau ba. Wurin da ya lotsa muka zaɓa, dama aibi ne."

Sai da na nemi kujera na zauna. Wannan lotsawar babban yatsan uwata ne, nan ta dafa tun yumɓun yana ɗanye. Kullum in zan tsiyayi ruwa, nan nake sa nawa yatsan.

Na faɗa musu haka. Har mai gam ɗin ma ta ɗago.

Na ce, "Ina abin da kuka yanka?"

Jikana ya kawo wani ɗan gilashi da bai kai yatsa biyu ba. A kansa wani dishi-dishi ne, an goge shi har ya fi ɓawon albasa siranta. Wai shi ke nan abin da ya rage.

Na karɓa, na ƙulle a bakin zanina.

"Kaka, don Allah! Rabin aikina a kansa yake. Masu jarrabawa za su ce in nuna musu."

"Ka nuna musu giɓin. Ai kun iya karanta abin da babu."

Malamin ya ce za a sayo min sabo, babba ma. Na ce ya sayo wa uwarsa, in tana da rai, Allah ya ƙara mata lafiya.

Na rungumi tuluna. Jikan nawa ya biyo ni har bakin titi yana magiya, har da "amaryata". Na ce masa ranar da ya mayar da yatsan nan inda ya same shi, ya zo ya karɓi gilashinsa. Har yau bai daina sintiri ba, ni kuma ban kwance ƙullin ba.