Nonon Sauda

Ke ma kina wurin sunan nan na unguwar Banikanni. Kin ji jaririn Sauda yana tsala kuka har muryarsa ta dushe, kika kau da kai, kika ci gaba da cin shinkafarki.

Cikin Sauda na tsufa baƙaƙen ɗigo suka feso mata, irin tawadar Allah, amma birjik: wuya, baya, ƙirji, har tafin ƙafa. Likitan fata a Parakou ya bi su da madubinsa, ya yanki ɗaya aka auna. Ya ce ba a ɗaukarsu, ba sa kisa. Kada a ƙona, kada a shafa man bilicin. Ta riƙa zuwa ana dubawa, wanda ya sauya kama a cire shi. In ta haihu, ta shayar da ɗanta.

Da ta haihu, sai surukarta Hajo ta iso daga garin Djougou. Ta sa aka tatsi nonon a ludayi, ta jefa tururuwa. Tururuwa ta mutu.

"Kin gani? Dafi ne. Ba dai a bakin jikana ba."

Aka koma madarar akuya, yaro ya kama zawo. Muttaƙa, mijin Sauda, ya ce shi ba ya shiga sha'anin mata.

* * *

Ranar suna aka lulluɓe Sauda a ƙuryar ɗaki. Ƙirjinta ya cika ya yi tauri, gaban rigarta ya jiƙe. Daga tsakar gida tana jin kukan yaron yana ƙara sirancewa a cinyar Hajo. Ta yar da mayafin, ta fito.

"Inna, miƙo min shi."

"Koma ciki, 'yar nan! Mutane na cin abinci."

"Kai, yau ga zabuwa a gidan suna," in ji wata. Aka tuntsire da dariya.

"Zabuwar ce ta haife shi," Sauda ta ce. "Kuma Inna, ko a randarki kika jefa tururuwa, nutsewa za ta yi."

Ta sa hannu biyu ta ɗauke ɗanta. Ta zauna a tsakiyar tabarma, ta ɗaga riga a gaban kowa. Yaro ya lalubo, ya cafke. Har ƙarar haɗiyarsa ana ji. Matan suka ja kwanukansu gefe, ɗaya bayan ɗaya. Sauda ta ɗaga kai, tana kallonsu ido cikin ido.

Tabarmar nan mai faɗi ce, kuma har yanzu ita kaɗai ce a kanta. Tashi ki je ki zauna kusa da ita.