Baƙin Layi a Farar Rigar Baba

Tun ranar da Auta ta shigo shagon ɗinki da kwamfuta da firinta, Yaya ta sa wa kwanar da aka ajiye su suna ofishin malalata. Yaya ce babbarsu, ita ce mai shagon, kuma duk layin an san ta da ɗinka bargon haɗi, irin wanda ake yanka ƙyallaye ƙanana a harhaɗa su su zama mayafin gado. Da kwali take fitar da siffa, ta zaga da alli, ta yanka. Abin alfaharinta a duniya guda ne: ba ta taɓa ɓata wa kowa tufa ba. Idan ba ka sani ba, za ta gaya maka kafin ka zauna.

Ita kuwa Auta wata manhaja ta saya. Sai ta manna yadi a jikin wata takarda mai santsi da dutsen guga, ta zura a firinta, yadin ya fito da siffofi a zane a bayansa, ga layin yanka ga layin ɗinki.

"Wai yanzu har alli ma ya fi ƙarfinku?" in ji Yaya, tana taɓe baki. "Gobe kuma sai ki sayo wadda za ta riƙe miki allura."

"Yaya, ki zo ki gani mana. Ba wuya."

"Allah ya kiyaye. Ni hannuna lafiyarsa ƙalau."

Amma tana gani. Ta wutsiyar ido take gani, duk abin da Auta ta danna sai ta haddace, tana yi tana tsaki don kada a zarge ta da sha'awa.

Ana nan sai Inna, mahaifiyarsu, ta aiko a kira Yaya. Ta buɗe akwati ta fito da fararen rigunan Baba, waɗanda tun rasuwarsa ba ta yarda kowa ya taɓa ba. Yadin ya sha wanki har ya yi laushi ya yi shara-shara.

"Ki mayar mini da su bargo, in riƙa rufa," in ji Inna. "Irin mai kusurwa shidan nan nake so, kamar saƙar zuma. Ke na ba, don na san hannunki. Kada waccan ta kusance su da injinta."

Daɗi ya kashe Yaya. Sai da ta koma shago ta baza rigunan a tebur, sannan ta gane girman aikin. Siffa mai kusurwa shida, ƙanana, ɗaruruwa, a yadi mai zamewa irin wannan, kwali da alli ba za su fitar da su daidai ba. Ta sani sarai. Ta kuma san abin da zai fitar da su yana can a kwanar shagon, a rufe da tsumma. Matambayi ba ya ɓata, amma Yaya gara ta ɓata da ta tambayi yarinyar da ta goya.

Ranar da Auta ta tafi sayen zare a kasuwa, Yaya ta tura ƙofa ta yaye tsumman. Ta farke rigunan, ta manna su a takarda kamar yadda ta ga ana yi, ta zaɓi siffa. Manhajar ta fito da gargaɗi: a fara gwada tawada a ƙyalle, a wanke a gani ko tana fita. Yaya ta yi dariyar raini. Gwaji na 'yan koyo ne. Sai ta zo wurin zaɓen launi, ta ga wani ruwan ɗorawa mai haske da Auta take amfani da shi, wanda sai ka matso da ido kake ganinsa.

"Ji shashanci," ta ce. "Layin da ba a gani, layi ne?"

Ta danna baƙi ƙirin. Firinta ta yi ta aman yadi, layuka tsaf-tsaf, kowace kusurwa daidai da 'yar'uwarta. Yaya ta kwashe, ta mayar da tsumma, ta tafi da aikin gida don kada ido ya gani.

A can ta yi ɗinkin yadda ta saba tun tana budurwa: kowane haɗi ta gama, sai ta danne shi da dutsen guga mai zafi jau har ya kwanta. Haka ta bi bargon gaba ɗaya, tana gasa tawadar tana cusa ta cikin zare, tana yaba wa kanta. Da ta ga duhun layukan yana leƙowa ta fuskar yadin, ko a jikinta. Ai ta sha ganin na Auta yana fita da wanki ɗaya.

Ta wanke. Ta sake wankewa. Ta jiƙa, ta cuɗa har yatsunta suka yi fari. Layukan suna nan daram, sai ma gefensu da ya jeme ya koma toka-toka. Farar rigar Baba ta zama abin da ko ƙafa ba ka so ka goge da shi. A nan ne idon Yaya ya raina fata, tsoro ya kama ta na gaske.

Auta ce ta fara gani, da ta biyo gidan. Ta ɗaga bargon a haske ta daɗe tana kallo.

"Yaya, baƙi kika sa? Kin gwada a ƙyalle kuwa?"

"Ki rufa mini baki."

"Da kin tambaye ni..."

"Na ce ki rufa mini baki!"

Inna ta yi ta aike, har ba sauran uzuri. Suka tafi tare, Yaya na gaba da ƙunshi, Auta na biye. Inna ta warware bargon a cinyarta. Ta bi layukan da yatsa a hankali, ta juya shi, ta sake juyawa, kamar za ta sami wani gefe da ya tsira.

"Akwai saura?" ta tambaya.

"Babu, Inna," in ji Yaya.

Inna ta ɗago jajayen idanu, ta tsallake Yaya, ta sauke su a kan Auta.

"Ke ce. Wannan aikin injinki ne. Sai da na ce kada ki taɓa. Rigunan ubanki, Auta? Su kaɗai suka rage mini."

Auta ta waiwaya. Yayarta kawai take kallo, tana jira. Magana ɗaya ce, ba ta fi ƙarfin kowane baki ba. Yaya ta gyara zaman ɗankwalinta, ta dubi ƙasa, ta yi ajiyar zuciya irin ta wanda aka ɓata wa rai.

"Ai na gaya mata, Inna," ta ce.